Jar Ɗamarar Rokar Halidu

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis, 12 ga Maris 1987, cikin watan azumin tsofaffi, Allah Ya karɓi ran Halidu Sha'ibu, mai gyaran rediyo na Allakaye, bayan jinyar ciwon ƙirji ta sati uku. An yi masa sutura bayan la'asar. Ni labarin bai iske ni a Keita ba sai ranar Asabar, daga bakin wani direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya faɗe shi a tsakiyar zancen lalacewar hanya, bai ma san wanda yake gaya wa ba.

Halidu taubashina ne. Mahaifiyata da mahaifinsa ciki ɗaya suka fito. Kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai a ƙasarmu: ka zage shi, ka tuɓe masa hula a tsakiyar kasuwa, ka ce bawanka ne, ba shi da ikon yin fushi. Na mori wannan dama fiye da kima. Ta'aziyya na zauna rubutawa, amma a cikinta akwai maganar da ya kamata in gaya masa yana da rai, ban gaya masa ba.

Halidu, mutanen Allakaye za su tuna ka da abubuwa da yawa. Babu tsohuwar da ta taɓa kawo maka rediyo ka ce mata ya mutu a jefar. Sai ka kwance shi a kan tabarma, ka yi ta bin wayoyinsa har ya yi tari ya kama magana. Matan da mazajensu suka tafi cin rani Abijan wurinka suke kawo wasiƙu, ka karanta musu a hankali, ka naɗe ka miƙa, ba a taɓa jin abin da ke ciki a bakinka ba. Shekarar yunwa ta saba'in da uku ka buɗe babban rumbunka, unguwa ta ci har aka share gindinsa da tsintsiya. Rumbun nan bai sake cika da hatsi ba. Bayan shekara biyu matarka Cima ta rasu, Allah kuwa bai bar muku ɗa ko ɗaya a raye ba. Daga nan gidan ya koma daga kai sai yayarka Rabi, sai rokokin nan, kwaikwayon kumbon zuwa wata, da ka cika rumbun da su.

Zancen rokokin ya samo asali ne tun ranar da ka ji a rediyo an ce mutane sun taka wata. Dattawan garin suka ce ƙaryar Nasara ce. Kai ba ka yi musu da kowa ba, abin da ya dame ka kawai shi ne ka ga kamannin abin da ya ɗauke su. Shekara biyu kana tambayar duk wanda ya dawo daga Yamai, kowa ya zana maka nasa shirmen a ƙasa.

A lokacin ina malamin yaƙi da jahilci, ina yawo tsakanin Madawa da Buza da ƙauyuka a kan babur ɗin aiki, wata ƴar mobilet da ake jin kukanta tun kafin a hango ta. Wata rana a saba'in da ɗaya na sayi kilishi a tashar Madawa, aka naɗe mini shi cikin shafin wata mujallar Faransanci. Sai da na cinye na lura da hoton da ke jikin takardar: roka ce fara, doguwa, tsaye, bayanta baƙi ƙirin, an rubuta tsawonta a ƙasa. Man kilishin da jan yajinsa sun bi layin naɗin sun ratsa ta a ƙugu. Na goge takardar da dutsen guga don ta miƙe, zafi ya ƙara zaunar da jan ya yi sumul, a kan baƙin ba ya fita, sai a jikin farin. Na manna ta a kwali na kawo maka.

Ban manta yadda ka wanke hannu kafin ka karɓa ba. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ɗora yatsa a kan jan, ka ce, "Illa, wanga jan hwa, mi na na?"

Shaiɗanin wasa ya hau kaina. Na haɗe fuska na ce, "Ɗamara ta. Haka suka ɗaura mata don kada ta tsage in ta yi zahi."

Ka gyaɗa kai ka ce lalle da hankali cikin abin. Na yi niyyar in bar ka kwana biyu sannan in fasa ƙwan mu yi dariya. Da na dawo bayan wata ɗaya na tarar ka riga ka ƙera ta fari, da jar ɗamararta a ƙugu, kana ta murna. Na ce a raina sai wani zuwan.

Duk wanda bai ga kana aikin nan ba ba zai gane abin da nake kuka a kai ba. An rubuta tsawonta mita ɗari da goma, kai kuma ka ce kowace mita za ta zama santimita ɗaya, ba ƙari ba ragi. Da tef ɗin tela kake awo, ka auna sau uku kafin ka yanka sau ɗaya. Gangar jikin da kwali kake naɗe ta a jikin taɓarya, ka shafe da ƙaro, ka bar ta ta bushe a inuwa don kada ta karkace. Ƙoƙon kan da icen aduwa kake sassaƙa shi. Bututun wuta guda biyar na gindi da gwangwanin tumatir, ƙananan bututu da tsani da totuwar kara da zaren waya na matattun rediyoyi. Burushinka gashin jelar akuya ne da ka ɗaure a tsinke, da shi kake rubuta haruffan da ba su kai ƙwayar dawa ba. Amma babu abin da ya ci maka lokaci kamar ɗamarar nan. Ka gwada jar ƙasa ta tudu, ba ta yi ba. Ka je wurin dukawan Buza ka samo karan dafin da suke rina fata, ka yi ta gauraya shi da ƙaro da ɗan toka har launin ya zo daidai da na hoton. Ina zaune ina kallonka kana wahalar kwaikwayon man kilishin da na ci.

Mutanen gari ba su taɓa fahimta ba. Duk wanda ya leƙo tambayarsa ɗaya ce, yaushe za ta tashi. Ka ce, "Ba ta tashi, ta kallo ta." Sai su dubi juna su fita. Wasu suka ce mutuwar Cima ce ta taɓa ka, alhali tun tana raye kake yi, ita ce ma take dafa maka ƙaron. Bayan rasuwarta ni kaɗai na rage mai shiga rumbun nan. In ka ji kukan babur ɗina sai ka jingina tsani tun ban iso ba, mu sauka ciki, ka nuna mini abin da ka gyara tun zuwana na baya. Rabin abin da kake faɗa ba na ganewa, amma ina tambaya, kai kuma abin da kake so ke nan.

Shekara tara muna haka. A tamanin aka yi bikin makon samariya a Buza, aka ce masu sana'ar hannu su kawo abin da suka iya. Ba ka so zuwa ba, ni na matsa maka. Ka naɗe wadda ta fi kyau cikin zanen Cima, ka rungume ta a bayan kamiyo har Buza. Aka ajiye ta a kan tebur tsakanin takalman fata da tabarmi, jama'a suka yi cincirindo. Ranar na ga fuskarka ta saki yadda ban gan ta ba tun rasuwar matarka.

Can sai wani malamin makaranta, Mushe Alhusaini, mutumin kirki, ya tsaya ya daɗe yana dubawa. Ya aika aka ɗauko masa littafi daga lakwal, makarantarsu, ya buɗe hoton rokar, ya ce awonka ya yi daidai har abin ya ba shi mamaki, sai dai jan nan na ƙugu bai san inda ka samo shi ba, don babu shi a jikin ta gaskiya. Ka juyo ka dube ni.

Nan ne na yi abin da ya hana ni sakewa shekara bakwai. Da na ja ka gefe, da an wuce wurin. Amma na ga taro, na ga dama ta taubashi, sai na fashe da dariya na ba da labarin kilishin tun daga tashar Madawa, har da kwaikwayon yadda ka wanke hannu. Fili ya ɗauka da dariya. Wani ya ce a matso a sansana, ko da sauran yaji. Kafin la'asar an sa maka suna Mai-rokar-kilishi.

Kai ma ka yi dariya, don al'ada ba ta ba ka wata hanya ba. Ka dafa kafaɗata ka ce, "Ka ci ni, tobashi." Sannan ka naɗe rokarka cikin zanen ka nemi motar Allakaye. Da wani ne ya yi maka haka, da ka yi fushi, dattawa su shiga tsakani, a ba ka haƙuri a gama. Ni ba a fushi da ni, saboda haka babu abin da za a sasanta.

Na zo sau ɗaya bayan nan. Ka shimfiɗa mini tabarma, Yaya Rabi ta dama fura, muka yi zancen damina. Tsanin yana kwance a gindin katanga, ba ka ɗauko shi ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Daga ranar na fara samun dalilai. Da aka maida aikina Keita ina koya wa matan da ke jera duwatsu a tuddai karatu, sai na ce aiki ya yi yawa. Sau nawa na iso mararrabar da ke zuwa garinku na rage gudu, sannan na wuce. Kowace shekara ina cewa in azumi ya zo zan je in ce ka yafe mini. Bana ma na faɗa, saura wata ɗaya da ƴan kwanaki.

Ranar addu'ar bakwai na iso Allakaye. Abin da ke cina a hanya shi ne ko ka tafi da ni a zuciyarka, ko kuma na kashe maka abu ɗaya da ya rage maka a duniya. Bayan an shafa fatiha mutane sun watse, Yaya Rabi ta kira ni bayan gida. Ta nuna mini tsanin ta ce, "Hau ka gani. Ni ƙahwahuna ba su iyawa."

Na sauka cikin rumbun. Biyar na sani, na tarar da goma sha ɗaya, jere a kan duwatsu saboda gara. A jikin bango ga kwalina na kilishi, ga kuma hoton gaskiya kusa da shi, ashe Mushe Alhusaini ya aiko maka da shi tun shekarar. Sababbin sun fi na da kyau nesa ba kusa ba. Ka gyara fikafikan gindi, ka ƙara ƙananan abubuwan da tsohon hoton bai nuna ba, komai ya bi littafi. Amma kowace ɗaya da jar ɗamararta a ƙugu. Ta ƙarshe ce kaɗai fara fat, ka ja layi biyu da fensir inda jan zai zauna, ga ƴar tukunyar karan dafi da burushin a gefe.

Na fito na zauna a gindin rumbun. Yaya Rabi ta ce, "Ni ma na tambaye shi, tunda an ce jan ga babu shi, don mi kaka sa shi? Yac ce ta Nasaru babu, tashi da akwai, don nan ne hannun Illa yat taɓa." Ta gyara lulluɓinta. "Duk mobilet da tab bi hanya sai shi miƙe shi leƙa. Da ciwo yay yi tsanani yac ce, in ka taho a ba ka wagga ta ƙarshe ka ƙarasa. Yac ce kai kac ci kilishin, kai kas san launinai."

Halidu, ka rama. Na yi dariya a gindin rumbunka har ta koma kuka, ban ji kunyar Yaya Rabi ba. Ka yafe mini tun ban roƙa ba, ni kuma na bar ka kana leƙen hanya shekara bakwai. Wannan ba wasan taubasai ba ne, laifi ne, kuma na amsa shi a gaban duk wanda zai karanta takardar nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Rabi, wadda gidan ya rage mata ita kaɗai, Allah Ya ba ta haƙuri Ya zama gatanta. Ina kuma miƙa ta ga dangin marigayiya Cima da ke Buza, da jama'ar Allakaye baki ɗaya, musamman matan da yanzu ba su san wa za su kai wa wasiƙunsu ba. Ya Allah Ka jiƙan bawanka Halidu, Ka yafe masa kurakuransa yadda ya yafe na wasu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Hatsin da ya fitar shekarar yunwa Ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka haɗa shi da Cima da ƴaƴansu a gidan Aljanna, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Rokar tana ɗakina a Keita. Na jiƙa karan dafin sau uku yana bushewa, har yau ban iya ɗora burushin tsakanin layukan nan biyu ba. Zan ƙarasa ta in Allah Ya so, sai dai ban san wanda zan nuna wa ba.

Illa Hamani
Keita