Muryar Dada a Bakin Zani

A gidanmu na Sintali, in an sauke tuwo ba a kashe murhu. Kakarmu, wadda muke kira Dada, takan tura doya cikin garwashi, mu kuma mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Mutuniyar Lau ce, Hausarta a kasuwa ta tsince ta, amma in ta ja labari a hankali, ko sauro ya cije ka ba ka motsi.

Ɗan kawuna, Hamma Buba, shi ya fara sayen babbar waya a gidan. Ya ɗauki muryar Dada tana tatsuniya, muka yi ta murna. Ashe manhajar da yake kunna waƙa da fim da ita tana da wurin ƙara gudu. Wata yamma ya tara abokansa a zaure, ya saki tsohuwa da gudu biyu, kalmominta suna hawa kan juna, su kuma har da riƙe ciki don dariya. Dada tana tsakar gida tana tsince wake, duk a kunnenta. Ni kuwa na ji kamar in fasa wayar a kansa.

Da muka zauna gaban murhu sai ta ce, "Buba, zo kusa, na yau naka ne. Ga ta nan, daga bakin kogi ya fito."

Wai wata tsohuwa ce ke da waƙar kiran kifi. In ta rera a hankali, kifi su cika mata ƙwarya. Aku ya sace waƙar, yana yawo da ita gari gari, yana rerawa da sauri ana yi wa tsohuwa dariya. Rannan ta kira shi ta ce akwai wadda ta fi wannan daɗi, sai dai a kan dutsen tsakiyar ruwa ake yin ta. Ta koya masa waƙar kiran kada.

"Shi ya yi da sauri," in ji Dada, tana juya doya, "kada ma ya zo da sauri."

Babu wanda ya yi dariya. Ta miƙa hannu. "Ciro min muryana daga abin nan."

Buba ya zare memorin wayar ya ba ta, ta ƙulle a bakin zaninta. Daga ranar, in Buba ya shigo, labari ya tsaya sai ya fita. Da ciwon ajali ya kama ta, ni ta kwance wa ƙullin.

Yanzu muryar tana cikin kwamfutata, ina kunna ta yadda ta fito daga bakin mai ita. Bara Hamma Buba ya zo, furfura ta fara masa, ya ce, "Don Allah ƙanwata, tura min ko guda ɗaya. Na fara manta yadda take magana."

Na ce, "Ai kai ka fi kowa jin ta, Hamma, har da gudu biyu."

Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne kada a yi wa babba ba'a. Sai da na girma na gane tsohuwar nan ba ta taɓa cewa ta yafe ba, ni kuma ba a bar min wasiyyar yafewa ba. 'Yar Buba mai sunan Dada takan zo ranar Asabar, in sa mata abin ji a kunne ta sha labari. Shi yana zaune a kujerar da ke gefenta, yana kallon fuskarta ko zai gane inda aka kai.