Dokar da Yaya Ladi Ta Karya a Kazage

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Ladi makwancinta, kuma har yau ban sami wanda zan riƙa yi wa gardama kamar ita ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta ba ni shekara biyu, ta kuma fi ni taurin kai nesa ba kusa ba.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba majami'armu a Zariya ta tura mu, 'yan mata takwas, aikin sa kai na hutun makaranta a wani gidan marayu na mishan da ke gefen Kazage. A bayan motar katako muka ratsa dajin Birnin Gwari muna waƙoƙin yabo. Abin tsoron hanya a lokacin bai wuce a tarar ruwa ya cinye gada ba. Yawancin yaran gidan jarirai ne da uwayensu suka rasu wurin haihuwa. Matan da ke renonsu sun koma gona saboda damina, shi ya sa aka nemo mu.

Mai kula da gidan wata Baturiya ce ma'aikaciyar jinya, ana ce mata Sista Doguwa. Tana jin Hausa, sai dai harshen bai gama lanƙwasuwa ba. Ranar farko, bayan addu'ar safe, ta ɗaga yatsa ta ce, "'Yan mata, a gidan nan ku guji sabo." Muka gyaɗa kai. Maganar ta zauna mana daram: mako shida za mu yi mu tafi, kuma sabo ake yi wa kuka. Sai muka kafa wa kanmu doka. A yi wa yaro wanka, a ba shi madara da cokali, a mayar da shi gado. Ba goyo, ba rarrashi. Ni ce ma sarkin tsare dokar, don Allah ya yi ni da son a ce na iya biyayya. Sista kuwa kullum tana ɗakin magani ko ƙauyuka, ba ta lura ba.

Akwai wata jaririya, Asabe, 'yar wata huɗu, da ta ƙi madara. Kwana goma tana ramewa a gabanmu, har kukanta ya daina fita, sai dai ka ga bakin a buɗe. Ran nan da hantsi Yaya Ladi ta ajiye tsintsiya, ta cicciɓe ta ta ɗora a baya, ta ɗaure da zanenta.

Na ce, "Yaya, doka fa."

Ta ce, "Ke Saratu, rufe mini baki. In korata za a yi, a kore ni da ita a bayana."

Da goyon ta yi shara, da shi ta yi daka, tana tsoma yatsa a madara tana miƙa mata ta gefe. Rana ta uku Asabe ta shanye rabin kofi.

Da yake Yaya ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, ita ta kai kanta. Ta durƙusa ta ce, "Sista, na yi sabo." Fuskar Baturiya ta yi ja, ta ce da wa? Yaya ta ce da Asabe. Sista ta ce, "Wane zunubi ake yi da jaririya?" A nan muka gane. Saɓo take nufi, saɓon Allah, harafin ne ya gagari harshenta. Yau in na ba da labarin jikokina dariya suke yi. Ranar ba wanda ya yi dariya. Sista ta zauna a bakin baranda ta yi kuka, ni kuwa kunya ta hana ni ɗaga kai, don na san hannuwa nawa aka miƙo mini na kau da ido.

Yanzu dajin nan da muka ratsa da waƙa, da addu'a a baki ake shigarsa, kuma marayun da bindiga ta bari sun fi waɗanda haihuwa ta bari. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce in ta ga masu kai taimako suna jera yara a ɗauki hoto, su koma mota ko sunan ɗaya ba su tambaya ba. Na san ba za ta raina buhun shinkafa ba, ba ta da wannan halin. Amma za ta tambaya wa ke goya su.

Ranar tafiyarmu sai da aka ɓamɓare Asabe daga bayan Yaya, ita kuwa Yaya ta yi kuka har Zariya. Shekaru bayan haka na ce mata ai da gaskiyarmu, ga shi sabon ya sa ta kuka. Ta ce gara kukan rabuwa da kukan binnewa.

Yaya ba ta bar gida ko fili ba, kuma ba inda aka rubuta sunanta. Amma a kasuwar Birnin Gwari akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa, da jikoki tara. Bara na je na same ta, na tambaye ta ko tana tuna wadda ta goya ta. Asabe ta ce, "Wallahi Mama, ban tuna komai ba. An dai ce da ba don ita ba, da ba ni."