Tunkiyar Kaka da Ƙoƙon Iri

Duk lokacin da na ji ƙanshin harawa a Ƙofar Wambai, Kakata nake tunawa. Tsohuwar nan ta daɗe ba ta leƙa bayan ganuwa ba, amma babu abin da ke faruwa a daji da ba ta sani ba. Tunkiyarta ce ke kawo mata labari.

A lokacin, unguwarmu ta Koki makiyayi ɗaya gare ta, wani dattijo Bafulatani. Da hantsi yakan bi gida-gida ya tattara dabbobi, da la'asar ya maido su, kowacce ta shige zaurensu da kanta. Tamu na shigowa Kaka za ta zaunar da ni mu tsefe mata jiki. Idan 'ya'yan ciyawar ƙyasuwa da harƙiya muka samu, sai ta zuba a ƙoƙo, ta ce daji lafiya lau. Idan ƙarangiya ce, ta ce ƙasa ta gaji. Ni kuwa ƙarangiyar na tsana, don yatsuna ke shan wuya.

Wata shekara ruwa ya sauka da wuri, sannan ya ɗauke. Dabbobi suka cinye ɗan tsiron tun bai kama ƙasa ba. Tunkiya ta rame, ga ciki, jikinta ƙarangiya zalla. Baba ya ce a sayar tun ana iya saye. Na yi kuka sosai, don ni na raine ta.

Kaka ta ce, "Ba tunkiyar ce ta lalace ba, dajin ne ke son hutu."

Ta ɗaure ta a gida, muna lallaɓa ta da dusa da ɓawon wake har ta haihu. Da ruwa ya dawo, Kaka ta ba makiyayin ƙoƙon nan, ta roƙe shi ya watsa a gindin ganuwa, ya kuma kauda garken daga wurin. Ya yi dariya, amma ya yi. Da lokacin girbi ya yi, tunkiya ta koma bin garke, ta dawo mana da ƙyasuwa a wuya.

Yau wurin duk gidaje ne, damina kuma ba ta da alƙawari. Ina kiwon jikanyar jikanyar tunkiyar nan a tsakar gida da harawar saye, kuma alhamdu lillahi tana ƙiba. Ba ta zuwa ko'ina, amma har yanzu da la'asar sai na shafa bayanta, ko zan ji wani abu ya maƙale.