Kawu Manu da Ruɓaɓɓen Kifin Masar

Shekarar da kogi ya cika ya cinye shinkafa tun daga Shanga har Wara, ita ce shekarar da muka tafi Masar karatun Larabci, ni da Kawu Manu, yayan innata. Ni ina da ashirin da biyar, shi ya doshi hamsin. Ku da kuka san shi a Yelwa kun san ba ya kai kifi baki sai ya shinshina shi, ya tambayi sunansa da ruwan da aka kamo shi. Da wannan halin ya sauka Alƙahira.

Kwananmu uku ya ja ni kasuwa. Ya ɗago wani kifi daga cikin ƙanƙara, ya tambayi mai shi da Larabcin littafi, "Wannan na wane ruwa ne?"

Mutumin ya ce na teku.

"Wa ya kamo shi?"

Mutumin ya dube ni, na dubi ƙasa. Kawu ya ajiye, ya goge hannu. "Mu tahi, Isiyaku. Kihin ga bai da dangi." Wata guda ya yi a kan burodi da shayi.

Mai gidan da muka kama ɗaki wata dattijuwa ce, Ummu Sayyid. Ta ga yana ramewa, ta kira mu cin abinci. Kawu ba ya barin ko ƙwayar shinkafa a kwano. Ita kuwa, in ka suɗe faranti, ba ka ƙoshi ba ke nan. Ya cinye, ta ƙara. Ya cinye, ta ƙara. A na huɗu ya sassauta mazagi, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Mi na yi wa matar ga?" Ita kuma ta ja ni gefe tana tambaya ko fari aka yi a ƙasarmu.

Ranar wani bikinsu na bazara ta kawo mana faranti a rufe. Muna buɗewa muka yi baya. Kifi ne da aka danne da gishiri har ya yi laushi, warinsa ya cika ɗakin. Kawu ya girgiza kai. "Allah sarki, tsuhwa ya ɗauke mata hanci. Kar mu kunyata ta." Ya wanke kifin sau bakwai, ya hau bene, ya hura gawayi a tsohuwar garwa, ya yi masa banda irin ta bakin kogi. Ya mayar mata yana murmushi. "Hajiya, ga abin da na iya cetowa."

Ta karɓi farantin, ta dubi kifin, ta dubi Kawu, ta rufe ƙofa.

Wata biyu ba ta amsa sallamarsa ba. Daga baya ta ce mu nemi wani ɗakin, ga jarrabawa saura mako uku. A lokacin ne wani ɗan ajinmu ya gaya mana kifin nan abincin girma ne a wurinsu, da hannunta ta haɗa shi. "Ɗaki ba komi ba ne," in ji Kawu. "Haƙƙin maƙwabciya nike tsoro. Amma wallahi har yanzu ban gane laihina ba."

Ya sa na rubuta masa wasiyya da ajami: kwalekwalensa na wane, komarsa ta wane. Ya yi alwala, ya buga ƙofarta, ya roƙi ta zubo masa sauran kifin nata. Ya ci da albasa da lemun tsami, hawaye na bin gemunsa, tana tsaye a kansa.

Ta ce, "Yaya ka ji?"

"Hajiya, ba ni yi miki ƙarya. Ruɓaɓɓe ne. Amma na ci."

Ta yi dariya har ta zauna. "Naka ma ƙonanne ne. Na ci, har ƙaya."

"To, mun biya juna ke nan?"

"Mun biya."

A ɗakin muka ƙare karatu. Bara Kawu ya rasu, ita kuma an ce ta riga shi. Ya Allah, bawanka ya haɗiyi abin da ransa ya ƙi don kar ya zo maka da haƙƙin kowa. Ka yafe masa nasa, ka jiƙan Ummu Sayyid, ka sa su yi maƙwabtaka a Aljanna. Amin.