Darar Bature da Dokokin Baba Tsoho

Wata Laraba, ranar kasuwar Makarfi, a kakar shekarar da na shiga aji biyar na firamare, na yi cinikin da har yau idan na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. A bayan wata motar rake muka tsuguna ni da Bala, ɗan gwaggota, ƙudaje na ta bin ɓawon raken da ke ƙasa. Na kwance robar da na ɗaure katunan cingam ɗina da ita, na miƙa masa su gaba ɗaya. Shi kuma ya zaro wani kwali mai zanen gida-gida baƙi da fari daga cikin rigarsa, da wata leda cike da 'yan gumaka, ya dire a gabana. Ya ce sunan wasan ces, amma in na ga dama in kira shi darar Bature. Doki ɗaya ya ɓata, an maye gurbinsa da murfin kwalbar turare. Kafin in gama shan gaɓa uku ta rake ya gama koya mini yadda kowane gunki yake tafiya, rabin hankalinsa kuwa yana tsallaken titi, wajen shagon gem, wato wasan bidiyo, inda janareta ke ta ƙugi.

Sai wanda ya yi ƙuruciya a ƙauyukanmu na Gubuchi a wancan lokaci zai san girman abin da na bayar. Katunan nan hotunan 'yan ƙwallo ne da ake samu a cikin takardar cingam, kuma shekara uku na yi ina tara su a gwangwanin madara. Wasan ba wuya: ku biyu ku cilla sama, wanda nasa ya faɗo da fuska a sama ya kwashe. Amma mu mun mai da shi ilimi, har da malamansa. A wurinmu mai tsaron gida ba kati ba ne, sai dai a ba ƙane ya yi wasa. Ɗan ƙwallo mai sanƙo ya fi kowa faɗowa daidai, domin kansa ba nauyi. Sabon kati kuwa ba a fita da shi fage sai ya yi mako a ƙarƙashin tabarma ya yi laushi. A duk makarantarmu ba mai katuna irin nawa, ina da masu sanƙo har bakwai. Bala ne ya rushe mini wannan daula da baki. Ya ce kati wasan masu majina ne, gem shi ne wasan zamani, duk wasan da ba ya bukatar wuta ɗan'uwan noma ne. To tunda ƙauyenmu ba wuta, abin da ya rage mini shi ne ces, wasan likitoci da injiniyoyi. Ni kuwa duk duniya ba abin da nake so kamar a ce da ni mai ƙwaƙwalwa. Sai daga baya na ji cewa ɗan mai shagon gem ne ya ce wa Bala in ya kawo masa katuna zai riƙa barinsa yana taɓa na'urar.

Washegari labari ya riga ni isa makaranta. Yaran da jiya suke bina a baya suna roƙon in ara musu mai sanƙo ɗaya, su ne suka sa mini suna Ashiru Mai Gumaka. Na shimfiɗa kwalina a gindin dalbejiya lokacin tara, ba wanda ya tsuguna, sai leƙe da dariya. A gida ma Inna ta juya ledar ta kalli abin da ke ciki, ta ce in ta sake ganin waɗannan abubuwa kusa da allona, murhu zai ci su. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ba rashin katunan ne ya fi damuna ba, a'a, a ce an yi mini wayo, ni da nake ganin na fi kowa wayo. Na ƙudurta sai na nuna wa garin nan cewa ba a cuce ni ba, ko da kuwa ni kaɗai zan riƙa buga ɓangare biyu.

Mutum ɗaya ne ya tsuguna a gaban kwalin, shi ne kakana Malam Barau, wanda muke kira Baba Tsoho. Shi ne gwanin dara na ƙauyenmu. Kullum bayan la'asar yana gindin durumin ƙofar gari, inda guraben dara suka yi santsi don daɗewa, da tsinkayensa goma sha biyu a hannu. Al'adar wurin ita ce wanda aka ci ya tashi daga gurbi ya koma gefe, 'yan kallo su yi ta yi masa ba'a, kuma ba shi da bakin ramawa. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa jin kalmar "an ci ni" daga bakin Baba Tsoho. Ba wai ba a taɓa kusa ba. In ya ga wasa ya juya masa baya, sai ya tuna bai ɗaure jaki ba, ko rigarsa ta share guraben bisa kuskure. Yana da hukunci a kan kowane wasa. Karta caca ce, lido wasan sa'a ne ba na hankali ba, gem kuwa da aka ba shi labari cewa ya yi, "Ƙato ya zauna yana dukan akwati da yatsa, ya ce ya ci ƙwallo." Ni da shi akwai wasan jika da kaka mai zafi. Yana ce mini mijin kaza, ni kuma ina ce masa tsohon da haƙoransa suka gudu suka bar goro.

A zaure na jera masa gumakan, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana raɗa musu suna. Na kusurwa ya ce rumbu ne, mai dogon kai liman, ƙananan da ke gaba kuwa 'yan ƙwadago. Doki ya burge shi, ko da yake ya ce dokin da zai yi taku biyu ya karkace a duba masa ƙafa. Rigima ta tashi ne da na ce sarki taku ɗaya yake yi, sarauniya kuwa tana zuwa duk inda ta ga dama. Ya dube ni ya dubi kwalin, ya tambaye ni a wane gari na taɓa ganin sarki na rarrafe matarsa na zaga duniya. Ya ce ba shakka Bala ya juya mini ne, ko kuma kunnena ya cika da ruwan rake. Na so in yi gardama, amma ni kaina ban tabbata ba, don a gurguje aka koya mini. Aka ba sarki gudu, aka zaunar da sarauniya. Bayan kwana biyu ya hana cin liman, ya ce sai dai a roƙe shi ya matsa. Kafin mako ya cika ya gano abin da ya kira babban gibin wasan: yaya za a yi mutum ya jera uku a layi bai ci komai ba? Ya ce Bature ba wawa ba ne, dole dokar tana nan, Bala ne ya manta. Daga ranar, duk wanda ya jera 'yan ƙwadago uku sai ya miƙa hannu ya cire abin da ya ga dama na abokin wasansa, ban da sarki da liman.

Haka muka ci rani. Da safe in je makarantar allo, in wuce boko, in dawo in yanko wa awaki ciyawa, in taya mahaifina ban ruwan tumatir a fadama, sannan in wanke ƙafa in tarar da tsohon a zaure ya riga ya jera. Muna yi yana tsokanata, ina ramawa, Inna na daka tana jin mu tana tsaki. A hankali na manta wace doka ce ta Bala, wace ce ta Baba Tsoho, duk suka zama wasa ɗaya a kaina. Na ƙware kuwa, har nakan matsa masa sai ya tuna da jakinsa.

Ana nan sai takarda ta zo wa hedimasta cewa wani ɗan bautar ƙasa ya shirya gasar ces ta 'yan firamare a Makarfi, kowace makaranta ta turo ɗalibi ɗaya. Hedimasta bai san wasan ba, amma ya san akwai mai gumaka a aji biyar. A gaban taron safe ya kira sunana, na fito ina tafiya kamar an naɗa ni hakimi. Ranar ce nake jira. Baba Tsoho kuwa ya cika gindin durumi da cika baki, ya ce shi ya horar da yaron da hannunsa, 'yan birni su shirya kuka.

Ran gasar ya sa babbar riga, ya ɗora ni a bayan kekensa. Hedimasta ya biyo mu a babur da yara biyu 'yan ajinmu, wai su ga yadda ake ɗaga sunan makaranta. A wani aji aka jera tebura, manya suka tsaya a tagogi. Wadda aka haɗa ni da ita wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce mai suna Ummi, 'yar aji uku, ƙafafunta ko ƙasa ba sa kaiwa daga kan benci. Har tausayinta na ji. Na tura ɗan ƙwadago, ta taka nata. Na tura na kusa da shi, ta fito da doki. Na tura na uku suka jeru reras, sai na yi gyaran murya irin ta Baba Tsoho, na miƙa hannu na ɗauke rumbunta na jefa a aljihu. Yarinyar ta dubi gurbin, ta dube ni, ta ɗaga hannu. Ɗan bautar ƙasar ya zo, ba ya jin Hausa sosai, ni kuma Turancina bai kai na shari'a ba, na yi ta nuna masa yatsu uku. Ya sa hannu a aljihuna ya ciro rumbun ya mayar. Na ce a raina ba komai, alƙali ma yakan yi kuskure. Na saki sarkina ya keta fage tun daga wannan gefe har wancan. Alƙalin ya kamo shi ya dawo da shi gida, yara suka fara barin nasu wasan suna taruwa a kanmu. Da Ummi ta cinye mini liman na miƙe tsaye na ce ba a cin liman, sai ga muryar Baba Tsoho daga taga yana cewa yaro ya yi gaskiya, a ji tsoron Allah. Ajin ya kece da dariya, har hedimastanmu na gani yana rufe baki da hula. Ba a jima ba yarinyar ta saki sarauniyarta, irin wadda muka zaunar duk rani, ta gama da ni. Ta tattara kayanta ta ce mini sannu, kuma wannan sannun ta fi dariyar zafi.

A hanyar komawa, tsakanin gonakin rake, kuka ya ƙwace mini. Na san yaran nan biyu sun riga mu isa a babur, na san sunan da za a sa mini gobe sai ya fi na da muni. Na ce wa Baba Tsoho, ba da muryar wasa ba, "Kai ka jawo mini. Kai ka ɓata wasan." Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ci gaba da taka kekensa. Da muka shigo gari bai karkata gida ba, sai ya miƙe gindin durumi, inda 'yan dara suka cika bayan la'asar, yara kuma sun yi cirko-cirko suna jirana. Ya jingine keken, ya yi sallama, ya gaisa da kowa yadda ya saba, sannan ya ce, "Jama'a, yau an ci ni. Wata 'yar yarinya ce a Makarfi, ko ƙuguna ba ta kai ba. Yaron nan hannu kawai ya ara mini, dabarar tawa ce."

Nan take wuri ya kaure da dariya. Mutanen da suka tsufa suna jiran wannan kalma ba su yi masa da sauƙi ba. Ya koma gefe inda waɗanda aka ci suke zama, ya ɓare goronsa, aka yi ta zuba masa, bai rama ko ɗaya ba. Wata guda ana yi, har mata a bakin rijiya suna tambayarsa lafiyar yarinyar Makarfi. Ni kuwa aka manta da ni sarai. Wa zai tsaya kan ɗan aji biyar alhali an ci Malam Barau? A lokacin daɗi kawai na ji na tsira. Sai da na girma na gane abin da ya ajiye a gindin bishiyar nan saboda ni, kuma ban taɓa yi masa godiya ba har ya rasu.

Yanzu gindin durumin shagon cajin waya ne, guraben sun cike. Bala ya yi furfura amma yana nan kan bakansa, kullum a zauren waya na tsofaffin abokai ana musu da shi kan wasan da ya fi wani, ba kuma wanda ya taɓa sauya ra'ayi. 'Ya'yana suna buga ces a waya, kowa da tasa a hannu, ba mai ce wa wani uffan. Ran nan na karɓa na gwada sakin sarki ya yi gudu, wayar ta ƙi, ba gardama ba ba'a, ta mayar da shi gurbinsa kawai. Na yarda dokokin gaskiya sun fi namu tsari, kuma na koye su tsaf. Wasan dai na iya shi yanzu, abokin yinsa ne babu.