Ɗorin Sojan Roba

Ƙanena ne ya aiko da shi daga Turai, ta hannun wata 'yar cocinmu da ta je ganin jikoki. Lokacin ina koyarwa a Zonkwa, duk ƙarshen mako nakan zo gida Kafanchan in duba Baba da Mama. Ran nan na shigo na same su a falo, sun ɗora wani abu a kan tebur suna kallo.

Ɗan mutum-mutumi ne na roba, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Soja ne, amma ba irin namu ba: hular ƙarfe mai gilashi, takalma har gwiwa, da bindiga mai kama da tocila. An manna shi a jikin kwali, an rufe shi da roba mai haske, yana tsaye a ciki yana harararmu. Kwalin ya yi ja-ja kamar tsohuwar jarida, gefensa ya tattare, ga tabon ruwa a ƙasa, ga wata 'yar takardar farashi da ta koɗe.

"Gwanjo ya aiko mana," in ji Mama. "Ko gogewa bai yi ba."

Na kira ƙanena a waya na ajiye ta a tsakiyar tebur. Gaisuwa ma bai gama ba ya ce, "Don Allah kada kowa ya buɗe shi. Ajiya na ba ku. Yarana sun sa masa ido, shi ya sa na turo gida. Ranar da aka buɗe, darajarsa ta mutu."

Baba ya yi aikin reluwe har ya yi ritaya, kuma mutum ne da ba ya barin magana a rufe. Ya gyara tabarau ya tambayi nawa aka sayo. Ƙanena ya faɗa. Mama ta lissafa a ranta, ta ce ai wannan ya fi kuɗin buhun citta, ta sa hannu a ka.

"Amma ga farashi nan a jiki," in ji Baba. "Kuɗin biredi ne aka rubuta."

"Baba, wannan ado ne. Kamfani ne ya buga shi. Tabon ruwan ma bugawa aka yi. Bara aka ƙera shi, sai aka yi masa kamannin na da, irin na lokacin da muke yara."

Baba ya shafa tabon da yatsa, ya ji sumul. Sai ya ce, "Wato sabo ne yake ƙaryar tsufa, kai kuma ka biya kuɗin ƙaryar. Ga ni nan da tsufana na gaske, ba wanda ya taɓa tayawa."

Duk da haka ajiya ajiya ce. Aka kwashe kwanonin bikin Mama daga saman kabad aka ba soja wurin. Baba ya hana shara kusa da shi. Baƙo in ya zo, sai Baba ya kai shi gaban kabad ya ce ya faɗi shekarun abin, in ya ce arba'in, Baba ya yi dariya har da tari. Mama kuwa tabon nan ya hana ta sakat. Sau da yawa na kama ta da tsumma a hannu tana tsaye a wurin, ta san ba zai fita ba, amma hannunta ya ƙi yarda.

Da zafin bazara ya shigo, rufin kwanon gidanmu ya fara aikinsa. Wata Asabar na iso na sami Baba a ƙofar gida yana jirana.

"Hannunsa ya faɗi," ya ce.

"Hannun wa?"

"Sojan ɗan'uwanka."

Haka kuwa aka yi. Ba wanda ya taɓa shi, fakiti a rufe ruf, amma hannun dama ya cire daga kafaɗa ya sauko ya kwanta a gindin takalmansa, har yanzu riƙe da bindiga. Ga shi ƙanena ya ce zai zo Kirsimeti.

Muka yi ta dabara. Baba ya kifa kwalin yana girgizawa a hankali ko hannun zai gangara ya koma raminsa. Yakan zo har bakin kafaɗa, ya leƙa, ya wuce. Na gwada da maganaɗisu, na manta roba ne. Maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da kwanuka wanda kakanninsa ma a kasuwar garin nan suka yi ciniki, ya shigo ya duba ya ce shi a saninsa kayan da suka karye a cikin leda ragi ake yi musu, a rabu da su.

A ƙarshe Baba ya ce a kai shi Manchok wurin mai ɗorin da ya gyara masa ƙafa lokacin da ya faɗo daga mashin. Na ce, "Baba, roba ce fa." Ya ce, "Hannu ne ko ba hannu ba?" Sai na ɗauko jaka.

Mai ɗorin dattijo ne mai sanyin magana. Muka bi layi a bayan wani manomi da ya goce a gwiwa. Da aka zo kanmu ya dubi ƙafar Baba, Baba ya ce ba ita ba ce, ya miƙa masa fakitin. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya juya gaba, ya juya baya, bai yi ko murmushi ba.

"Yaushe ya faɗi?"

"Cikin satin nan."

"Yana kuka?"

"A'a."

"To da sauƙi. Ku fito da shi."

"Ba a buɗewa," in ji Baba.

Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ɗora mutum ta taga ba. Amma tunda mun yi tafiya, ba zai bar mu mu koma haka ba. Ya lakato wani baƙin man shafawa ya goga a jikin robar, daidai kafaɗa, ya ce kada majinyacin ya ɗauki kaya mai nauyi. Baba ya yi godiya sosai. A mota muna dawowa ya rungume fakitin a ƙirji, duk ramin da muka faɗa sai ya ce wa direba ya yi hankali, akwai mara lafiya.

Mama ta ga mun dawo da hannu a ƙasa da baƙin mai a sama. Ta bari sai ranar da Baba ya tafi taron tsofaffin ma'aikata. Ta ɗora buta a wuta, ta kara bayan kwalin a tururi har robar ta saki da kanta. Ta fito da soja, ta wanke shi da sabulu, ta manna hannun da gam ɗin da take gyara takalma, ta mayar da shi, ta rufe da kokon rogo, ta danne da dutsen guga. Da Baba ya dawo ya ga hannu a kafaɗa, sai ya cire hula ya ce man dattijon nan ba wasa ba ne. Har kaza ya aika Manchok.

Ƙanena ya iso ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Ko ruwa bai sha ba ya nufi kabad. Ya ɗauko fakitin ya kai bakin taga, ya duba, ya sake dubawa, sai na ga fuskarsa ta canja.

"An cuce ni," ya ce. "Jabu ne."

Muka tambaye shi dalili. Ya ce duk waɗanda kamfanin ya fitar a zubin farko, hannun dama faɗuwa yake yi in ya ji zafi, kowa a cikin masu tara irinsu ya san haka. Da wannan ake gane na ainihi, kuma shi ya sa kuɗinsu ya ninka. Masu yin jabu ne suke manna hannun da kyau. Ya ce dama ya turo shi ƙasar zafi yana fatan ya zo ya tarar ya faɗi.

Baba ya ce a hankali, "Wato lalacewar ma sayenta ake yi."

Ƙanena ya ciro waya zai zazzage wa wanda ya sayar masa. Mama na tsinke ganyen yakuwa a bakin ƙofa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Bar bawan Allah. Ya faɗi. Ni na gyara."

Baba ne ya fara magana, shi kuma ba sojan ne ya dame shi ba. "To kazata fa?"

Ƙanena ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Can ya ce ko za a iya mayar da shi yadda yake. Aka sake ɗora buta. Baba ya ɗauko filayarsa ta zamanin aiki, ƙanena ya riƙe ƙafafun soja, ni na riƙe tsakiya. Baba ya ja, ya murɗa, ya yi nishi. Gam ɗin Mama bai motsa ba. Kan soja ne ya fita, ya gangara ƙarƙashin kujera. Ƙanena ya bi shi da ido, sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya kwanta a siminti.

Mama ce ta tsinci kan ta manna. A shekarar nan ƙungiyar zumuntar matan cocinmu ke da alhakin shirya siffar komin dabbobi na Baitalami, inda aka kwantar da jariri, a gaban coci, kuma ɗaya daga cikin masanan gabas uku na yumɓu, masu kawo wa jariri kyauta, ya fashe a akwati. Ta yanko ƙyallen zanen zumunta ta naɗa wa soja alkyabba, ta tsayar da shi a layi. Ranar Kirsimeti ya tsaya a gaban jariri tare da sauran biyun, bindigarsa a miƙe. Da fasto ya zo wucewa ya tsaya ya tambayi Mama wace kyauta ce wannan ya kawo, ta ce tocila ce, saboda babu wuta a Baitalami.