Baba Birki da Ɗakin Hayaƙi

A filin jirgin ba wanda ya san sunansa na yanka. Baba Birki ake ce masa, domin ko taku uku ya tura fasinja a keken guragu, in ya tsaya sai ya danne birki ya ce, "To, an kulle." Shekararsa ashirin da uku a wannan aiki. Da tattara kekunan kaya ya fara, waɗanda fasinjoji ke watsarwa a wurin ajiye motoci. Wata rana aka rasa mai tura wata tsohuwa, aka ce ya gwada, daga nan bai koma ba. Ya san liftar da ke tsayawa ba daidai da daɓe ba, ya san tayar da ke kuka, ya san tsohon da zai ce shi ba gurgu ba ne alhali ƙafarsa na rawa.

Shi ma ya sha taba, shekara goma sha tara cur. Ya bari ne ranar da suka kai autarsu asibiti tana numfashi da ƙyar. Likitar ta matso kusa da shi, ta ja hanci, ta dube shi, ba ta ce komai ba. A hanyar gida matarsa ta ce, "Ka dai ji abin da ba ta faɗa ba." Yau shekara goma sha ɗaya ke nan bai sa kara a baki ba, amma har yanzu in hayaƙin zuƙar farko ya bugi hancinsa sai yawunsa ya tsinke.

Abin haushin, aikinsa kullum ƙofar masu shan taba yake kai shi. Kuma ƙofar ba ta zama wuri ɗaya. Lokacin da ya fara aiki kowa a kujerarsa yake busawa. Sai aka ja layi da fenti a wata kusurwa, kamar hayaƙi ya san fenti. Sai aka gina ɗaki kusa da ƙofa ta huɗu. Sai aka rufe shi shekara biyu, aka ce kowa ya fita waje, ya dawo ya sake bin layin bincike, ya sake cire takalmi. A ƙarshe aka kafa wani akurkin gilashi can bayan ƙofa ta talatin da ɗaya, tafiyar minti tara in keken na da lafiya. Kibiyar da ke jikin allo kuwa har yau ƙofa ta huɗu take nunawa, inda yanzu ake sayar da turare.

Fasinjoji kuma a kansa suke hucewa. Wannan ya ce filin da ya taso ɗaki uku gare su. Wancan ya ce a wani wurin har baranda akwai, da kujeru. Wata ta ce inda ta sauka jiya babu ko ɗaya, amma aƙalla sun rubuta a fili. Birki bai taɓa hawa jirgi ba, amma ya haddace dokokin tabar rabin duniya ba da son ransa ba.

Dokokin da aka gindaya masa a wurin aiki biyu ne. Ta farko, mai tura keke ba ya barin fasinja shi kaɗai ko na minti ɗaya. Ta biyu, ma'aikaci da kayan aiki a jikinsa ba ya shiga ɗakin taba. Ya daɗe yana lallaɓawa tsakaninsu: ya tura keken ciki, ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan mariƙi. Sai aka sa wa ƙofar ƙararrawa mai ihu in an bar ta a buɗe.

Wata Talata da hantsi aka ba shi wani dattijo mai ƙafa a naɗe da bandeji, tare da 'yarsa. 'Yar ta tafi wajen ma'aikatan jirgi don a sauya musu kujera, ta ce a jira ta a nan. Ko juya baya ba ta gama yi ba dattijon ya yafito shi.

"Ɗana, ina ake shan taba a nan?"

"Da nisa, Baba. Kuma an ce mu jira."

"Awa bakwai ina sama, ga wasu shida a gabana. Ni na haife ta ko ita ta haife ni? Tura."

Haƙƙin fasinja ne a kai shi inda ya ce, wannan ma a rubuce yake. Birki ya saki birki yana ƙunƙuni.

Da suka isa ya yi yadda ya saba. Ƙararrawa ta fara ihu, mutum takwas suka juyo suna cewa a rufe ƙofa. Dattijon kuwa ya zaro kara daga cikin hularsa, ya shiga lalube aljihu.

"Sun ƙwace min ashana a wurin bincike."

"Ga abin kunnawa can a bango, Baba."

Abin yana manne daidai ƙirjin mai tsayuwa. Dattijon ya miƙa hannu har keken ya karkata, bai kai ba. Birki ya ga in ya tsaya bin doka tsohon zai kife, sai ya shiga, ƙofa ta rufe a bayansa.

"Ungo, kunna min."

Birki ya karɓi karan ya cusa a ramin abin kunnawar. Ya ƙi kamawa, domin sai an zuƙa. Ya tsaya da kara a tsakanin yatsu, hayaƙi ya rufe shi ta ko'ina.

"Zuƙa mana! Ko ba ka iya ba?"

"Na iya, Baba. Iyawar ce matsalar."

Wata mata da ke jingine da gilashi ta yi dariya, ta karɓi karan ta kunna da nata ta miƙa wa tsohon. Birki ya juya zai nemi iska, sai ga fuska biyu a jikin gilashin: shugaban sashensu, da 'yar dattijon.

'Yar ce ta fara. "Bawan Allah, mutumin da likita ya hana! Kai da furfurarka?"

"'Yata, cewa ya yi in tura."

"In ya ce ka tura shi rami fa?"

Dattijon ya busa hayaƙi hankali kwance ya ce ma'aikacin nan ne ya ba shi shawara.

Bayan jirginsu ya tashi, shugaban ya kira shi ofis ya miƙa masa takardar gargaɗi, saboda shiga ɗakin taba da kayan aiki.

"Ranka ya daɗe, da na tsaya a waje fa?"

"Da na ba ka ta barin fasinja."

"To wacce zan bi?"

"Duka biyun."

"Ta yaya?"

Shugaban ya duba agogo ya ce shi ma ba shi ya rubuta su ba.

Da ya koma gida da la'asar, matarsa ta karɓi rigar za ta jiƙa, sai ta tsaya. Ta kai ta hanci.

"Malam?"

"Wallahi ban sha ba. Riƙewa kawai na yi."

"Riƙewa."

Sai da ya ba ta labarin tun daga ƙofa ta huɗu, ya nuna mata takardar, sannan ta jefa rigar a bokiti ta ce gobe ya cire ta tun a waje.

Babban ɗansa ya taya shi rubuta koke shafi biyu. Bayan wata uku aka aiko masu gyara suka sauko da abin kunnawar ƙasa, har dogaye suka koma durƙusawa suna zagi. Dokokin nan biyu kuwa ba a taɓa ko ɗaya ba. Birki ya nemi a mai da shi sashen masu sauka, aka ce sai wani ya yi ritaya, kuma wanda ake jira ɗin ya girme shi da wata huɗu kacal.

Yanzu in aka ba shi fasinja, kafin ya tambayi lambar ƙofa sai ya dubi leɓensa da yatsunsa. In ya ga alamar, sai ya nemi abokin aiki su yi musaya. Abokan sun gane, da sun hango shi tafe yana murmushi sai kowa ya tuna yana da uzuri a banɗaki.